Gudu biyu, ɓarna huɗu: lissafin da allurar mota ba ta nunawa

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso, Dogonduci, Ƙonni da Maraɗi har Damagaram, ya san irin hirar da ake yi cikin mota in an bar tasha. Direban da ke tafiya sannu ba ya samun yabo. Sai ka ji gunaguni daga kujerun baya, wannan ya ce ko amalanke muka shiga, wancan ya ce da irin wannan tafiya sai gobe. Wanda ya taka mota har iska na kuka a tagogi, shi ne ake kira direba, motarsa ake rububi ranar kasuwa. In kuma abin ya faru, sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi jana'iza, a kawo mana takardar sanarwa gidan rediyo mu karanta sunaye.

Jama'a, ba gardama za mu yi da ƙaddara ba. Akwai dai wani ɗan lissafi da duk wanda ya yi darasin fizik a lise ya taɓa gani a kan allo, kuma ya kamata a ce ɗan kabu-kabu da direban kamiyo da fasinja sun san shi fiye da ɗan makaranta, tun da su ne ke zaune a kansa kullum.

Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da wani ƙarfi a jikinsa, mu kira shi ƙarfin gudu. Shi ne ke sa dutsen da aka jefo ya fasa goshi, alhali in an ɗora shi a kai sannu ba abin da zai yi. Abu biyu ke haɗa wannan ƙarfi: nauyin abin, da saurinsa. Sai dai ba rabo ɗaya suke da shi ba. In ka ninka nauyi sau 2, ƙarfin ya ninku sau 2. In ka ninka gudu sau 2, ƙarfin ya ninku sau 4. In ka ninka gudu sau 3, ya zama sau 9. Dalili shi ne, a cikin lissafin, gudu sau biyu yake shiga: rabin nauyi, sau gudu, sau gudu kuma.

An daɗe ana gardama a Turai kafin a yarda da haka. Bajamushen nan Leibniz ya kawo maganar tun 1686, wasu manyan masana suka ƙi. A 1722 wani malamin jami'ar Leiden ta ƙasar Holand, Willem 's Gravesande, ya yi gwajin da kowane magini zai gane. Ya samu laka mai taushi, ya riƙa sako ƙwallayen tagulla a kanta daga tsawo daban-daban, yana auna ramin da kowace ta yi. Wadda ta iso da gudu ninki 2 ta yi rami ninki 4, mai ninki 3 ta yi ninki 9. Wata Bafaranshiya, Émilie du Châtelet, ta bayyana abin dalla-dalla cikin littafinta na 1740. Tun ba a ƙera mota ba ke nan aka san hukuncin da zai hau kanta.

Allurar da ke gaban direba ba ta nuna wannan. Ita a wurinta, daga 40 zuwa 80 taki ɗaya ne da daga 80 zuwa 120. Amma in ka ɗauki ƙarfin da mota ke ɗauke da shi a 40 a matsayin mudu 1, a 80 mudu 4 ne, a 120 mudu 9. Takin farko ya ƙara mudu 3, na biyu ya ƙara 5. Ƙafar direba kuwa ba ta jin wani bambanci, musamman in motar sabuwa ce, gilasai a rufe, sanyi na busawa.

Hanya mafi sauƙi ta jin abin a jiki ita ce a kwatanta shi da faɗuwa. Mu da muka san rijiya mun san bambancin gaba 2 da gaba 20. Mutumin da mota ta buge tana kilomita 30 a awa, kamar ya faɗo ne daga mita 3 da rabi, wato rufin ɗaki. Ana karyewa, amma yawanci ana tashi. A kilomita 50, mita 10 ne, rijiya mai gaba 6, ko bene mai hawa 3. Hasumiyar babban masallacin Agadas mita 27 ce. Wanda ya faɗo daga ƙololuwarta zai iso ƙasa da gudun kilomita 83 a awa, gudun da direbobinmu ke kira tafiyar tsofaffi. A kilomita 100 kuwa, mita 40 ne. Ba wanda zai yarda ya zauna bakin rijiya mai gaba 22 yana lilo da ƙafa da jariri a cinya, amma haka muke zama gaban mota ba ɗamara, muna cin gyaɗa.

To, ina wannan ƙarfi yake zuwa in ana son tsayawa? Ba ya ɓacewa. Birki ne ke mai da shi zafi. Shi ya sa in kamiyo ya sauko gangare da lodi kake jin ƙauri, in ka kai hannu kusa da ƙafar motar ka ji kamar murhu. Birki kuma yana da iyakar abin da zai iya ci a kowace mita, gwargwadon yadda taya ta kama kwalta. Tun da ƙarfin ya ninku sau 4, filin da birki ke bukata shi ma sai ya ninku sau 4.

Kafin birki ma akwai mutum. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta taka, direba lafiyayye, wanda ya yi barci, yana cin wajen sakan 1. Cikin wannan sakan motar ba ta rage komai ba. A kilomita 50 ta ci mita 14, a 90 ta ci mita 25, a 120 ta ci mita 33. Wanda ya kwana tuƙi, ko yake duba salula, ko ya sha ƙwayar hana barci, nasa sakan ya fi haka tsawo.

Bari mu haɗa su, a kan kwalta mai kyau, busasshiya, da taya mai kyau da birki mai kyau, abin da ba kullum ake samu ba. Mota mai gudun 30 tana tsayawa cikin mita 13. Mai 50, mita 28. Mai 80, mita 58. Mai 100, mita 83. Mai 120, mita 113, ya fi tsawon filin ƙwallo.

Yanzu mai karatu ya ɗauka motoci biyu ne ke tafe kafaɗa da kafaɗa cikin gari, ɗaya tana 50, ɗaya tana 60. Yaro ya ɓullo daga bayan teburin mai shayi, mita 28 a gabansu. Direbobin biyu suka gan shi tare, suka taka birki tare. Mai 50 zai tsaya daidai gaban yaron, a yi salati, a ja masa kunne, kowa ya kama gabansa. Mai 60 fa? Da yawa za su ce zai taɓa shi da ɗan gudun 10 da ya rage. Ba haka ba ne. Sakan ɗin farko ya cinye masa kusan mita 17, saura 11, kuma cikin mita 11 birki ba zai iya cinye abin da ya tara ba. Zai bugi yaron yana gudun kusan kilomita 40 a awa.

A babbar hanya abin ya fi muni. Mota mai 80 da mai 120, saniya ta fito a mita 58. Mai 80 ya tsaya. Mai 120, duk da ya taka birki iya ƙarfinsa, zai iso kanta yana 100. Birki a farkonsa ba ya rage gudu sosai, sai can ƙarshe allura ke faɗuwa da sauri, kuma wannan ƙarshen shi ne mai gudu ba ya samu.

Littattafan koyon tuƙi na Faransanci suna da wata dabara ta riƙe wannan a ka: ka cire sifirin ƙarshe, ka ninka abin da ya rage da kansa. A 50, 5 sau 5, mita 25. A 90, 9 sau 9, mita 81. Ƙiyasi ne, amma ya isa. Abin tambaya shi ne direbobi nawa ne suka ratsa ta makarantar tuƙi, nawa ne kuma suka koya daga zaman karen mota, inda ake koyon canja taya da ɗaure kaya da komai, ban da wannan.

Duk wannan lissafi na kwalta mai tsabta ne da rana tsaka. Hanyoyinmu kuwa, iska na shimfiɗa musu rairayi, damina na jiƙa su, ga ramuka. Yashi a kan kwalta kamar tsakuwa ne ƙarƙashin takalmi, yana iya ninka filin birki. Tayoyin da yawancinmu ke saye sun riga sun yi rayuwarsu a wata ƙasa, ga zafin watan Afrilu da Mayu, kuma gudu na ƙara wa taya zafi. Fashewar taya a 60 tsoro ne. A 120, da kaya jibge a rufi, sau da yawa juyawa ce. Kwana ma hukuncinta ɗaya da birki: ƙarfin da ke jan mota waje in ta shiga kwana yana ninkuwa sau 4 in gudu ya ninku sau 2. Motar da aka ɗora wa buhuna da awaki da moto a sama, nauyinta ya koma bisa, ita ce ke fara ɗaga ƙafa.

Sai dare. Ƙaramar fitilar mota tana haska wajen mita 40 zuwa 50. Mai gudun 90 yana bukatar mita 70 kafin ya tsaya. Ma'ana, duk abin da fitilarsa ta nuna masa, ya riga ya makara a kansa. Me ke kan hanyarmu da dare? Amalanken shanu da na jaki masu komawa gida daga kasuwa ba fitila ba kyalli, kamiyon da ya lalace aka jera masa ganye a baya, garken da ke ƙetarawa. Raƙumi ya fi duka haɗari ga ƙaramar mota, don gaban motar ƙafafunsa yake sharewa, gangar jikin mai ɗaruruwan kilo ta faɗo ta gilashi, daidai inda mutane ke zaune.

Nauyi, ko da yake sau ɗaya yake shiga lissafi, ba abin rainawa ba ne. Kamiyon da ya ɗauko albasar Galmi ko simintin Malbaza, ko tankin da ya taso daga matatar Damagaram, in ya kai tan 40, yana ɗauke da ƙarfin ƙananan motoci sama da 30 masu gudu irin nasa. Hanyar kuma layi biyu ce, ba katanga a tsakiya. Akwai wata magana da ake yawan yi, wai in motoci biyu masu 90 suka yi gaba da gaba, kamar an bugi bango ne da 180. In nauyinsu ɗaya ne, ba haka ba ne: kowace kamar ta bugi bango da 90 ne, wanda shi ma ya isa. Amma in ƙaramar mota mai 90 ta haɗu da kamiyo mai tan 40 yana 70, kamiyon kusan ba ya ragewa, ita ce zai tura baya. Cikin ƙiftawar ido mutanen ciki sun tashi daga 90 gaba sun koma 65 baya, canjin kilomita 155 a awa. Wanda zai wuce wata mota a inda ba ya hango gaba, wannan ita ce cacar da yake yi da ran fasinjojinsa.

A nan ne nake saɓa wa tsofaffin direbobi, duk da girman da nake ba su. Sukan ce motocin da, irin su Peugeot 404 da 504, su ne ƙarfe, na yanzu gwangwani ne, da an taɓa su sai su lotse. Lotsewar nan da gangan aka yi ta. Wani injiniyan kamfanin Mercedes, Béla Barényi, shi ya fito da dabarar, aka fara sa ta sosai a motocin 1959: a bar gaba da baya su murƙushe, a ƙarfafa ɗakin da mutane ke zaune. Ƙarfin gudu dole ya tafi wani wuri. In ƙarfe bai sha shi ba, ƙashi zai sha. Mai kama ƙwai da aka jefo masa yakan ja hannu baya don kada ya fashe; gaban motar da ke lotsewa aikin da yake yi ke nan. Motar da ta fito daga haɗari ba ta lanƙwasa ba, a tambayi mutanen da ke cikinta.

Sai dai wannan dabara ba ta amfanin wanda bai ɗaura ɗamara ba. Mota ta tsaya, shi bai tsaya ba, yana nan da gudunsa har sai ya gamu da sitiyari ko gilashi. A shekarar 1959 ɗin ce kuma Nils Bohlin na kamfanin Volvo a Suwidin ya fito da ɗamarar da muka sani, mai ratsa ƙirji da ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana rage haɗarin mutuwa har da rabi. Ga lissafin: motar da ke 50 ta tsaya cikin rabin mita, duk abin da ke ciki nauyinsa kamar ya ninku sau 20 ne. Mutum mai kilo 70 ya koma tan 1 da kilo 400. Ba hannun da zai dafe wannan. Yaro mai kilo 10 a cinyar uwarsa ya koma kilo 200, buhu biyu na hatsi. Ba rashin ƙauna ke sa ta sake shi ba, ba ta iya riƙe shi ne.

Ɗan kabu-kabu shi ba ya da gaban da zai lotse. Jikinsa da na wanda ya goya su ne gaban motar. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, moto ita ce ƙafar talaka, ita ke kai mace awo, ita ke kai yara uku lakkol a tafiya ɗaya. Hular kwano mai inganci, in an ɗaure igiyarta, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100 a ƙididdigar hukumar lafiyar. Amma ita ma an yi ta ne don faɗuwar gudun cikin gari. Ba hular da za ta karɓi faɗuwa daga mita 40.

Alƙaluman duniya sun bi wannan lissafi sau da ƙafa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Yankin Afirka, mai kashi 3 cikin 100 kacal na motocin duniya, shi ke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mamatan. Hukumar ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗari mai kisa da kashi 4, kuma mai tafiya ƙasa da aka buge a 65 ya fi wanda aka buge a 50 haɗarin mutuwa sau 4 da rabi.

Inda aka rage gudu kuma an ga sakamako. Lokacin rikicin man fetur, Amurka ta sa dokar kada a wuce kusan kilomita 90 a awa a 1974, don tsimin mai kawai. Mamatan hanya suka sauko daga dubu 54 a 1973 zuwa dubu 45 a 1974. Wani ɓangare saboda an rage tafiye-tafiye, wani saboda gudun. Faransa ta rasa sama da mutum dubu 16 a 1972. Ta sa iyakar gudu da dokar ɗamara daga 1973, ta kafa na'urorin kama masu gudu daga 2003, a 2023 adadin bai kai dubu 3 da 500 ba, alhali motoci sun ninku. A 2020, taron ministocin duniya a Stockholm ya ba da shawarar kilomita 30 a duk inda motoci ke cakuɗa da masu tafiya ƙasa da masu keke. In aka bi wannan ma'auni, kusan duk garin da babbar hanyarmu ta ratsa wurin 30 ne, tun da kasuwa da makaranta da masu tallar mangwaro duk a bakin kwalta suke.

Shi ya sa ba na ganin laifin ƙauyawan da ke tashi su gina tudun rage gudu da kansu bayan an kashe musu yaro. Direbobi na ƙorafi, kuma suna da gaskiya ta wani fanni: tudun da ba fenti ba allo, in ka hau shi da dare, shi kansa haɗari ne, yana karya mota. Aikin hukuma ne ta gina shi bisa ƙa'ida, ta sa alama tun daga nesa. Amma allo kaɗai, ba jandarma ba tudu, mun ga yadda ake yi da shi.

Direba ma ba don jin daɗi kawai yake gudu ba. Ɗan kabu-kabu yana da kuɗin da zai kai wa mai moto kowace yamma, ko ya samu ko bai samu ba. Direban tasha yana son ya sauke ya sake shiga layi kafin rana ta faɗi. Sai dai in aka zauna aka ƙirga, ribar ba ta kai yadda ake zato ba. Tafiyar kilomita 5 cikin gari, a 40 minti 7 da rabi ce, a 60 minti 5. An ci minti 2 da rabi, an ɗauki ƙarfin bugu fiye da ninki 2. Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 235 ne. A 90, awa 2 da minti 37. A 110, awa 2 da minti 8. Kusan rabin awa ke nan a takarda, in hanyar babu kowa. Amma sai an ratsa Cadawa, Gazawa, Tasawa da Takeita, ga shingen jami'an tsaro, ga wurin biyan kuɗin hanya, ga mai sauka da mai hawa, ga sallah. Abin da ke saura bai fi minti 15 zuwa 20 ba. Mai kuma ya fi ƙonewa, don iskar da mota ke turewa ita ma da gudu sau gudu take ƙaruwa. Mai 110 yana isa tashar Damagaram, kafin yaran mota su gama kwance igiyar kaya, mai 90 ya shigo ya tsaya bayansa.